Yadda za ku yanke bidiyon biki na faifan DVD hoton bai lalace ba

Assalamu alaikum, ƴan uwa na Yamai da kewaye. Yau magana ce ta faifan bikin aure ko na suna da mai kamara ya ba ku tun shekarun baya. Kuna so ku cire wurin da ya yi minti goma yana ɗaukar kujeru ba kowa, sai kun gama ku ga fuskar amarya ta dushe.

Ga dalili. Bidiyon DVD an riga an matse shi, wato an rage masa nauyi, da wani tsari mai suna MPEG-2, kuma faifan da ake yi a nan yawanci girman hotonsa ɗigo 720 ne a 576, hoto 25 a daƙiƙa. Dama ba shi da ƙiba. Duk lokacin da manhaja ta sake matse shi, sai ta zubar da wani abu da ba ya dawowa. Kamar shayin fada ne: na farko da ƙarfinsa, na biyu ya sassauta, na uku kusan ruwa da sukari.

Saboda haka za mu yanka ba tare da sake matsewa ba.

Ku sa faifan a kwamfuta. Za ku ga wata jaka mai suna VIDEO_TS. A ciki akwai fayil masu ƙarewa da VOB, kowane bai wuce giga 1 ba, su ne bidiyon. Ku kwafe jakar duka zuwa kwamfuta, ku ajiye wata a kile. Faifan da ya sha zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu, yau ya karantu, gobe Allah ne masani. Idan kuna so guntayen su zama fayil ɗaya, manhajar MakeMKV tana haɗa su ba ta taɓa hoton ba.

Yanzu ku buɗe Avidemux, manhajar yanka bidiyo, kyauta ce, ku shigar da fayil ɗin a cikinta. Nan gefen hagu, wajen hoto da wajen sauti, ku bar su a kan Copy, wato kwafewa ba tare da matsewa ba. Aikin duka a nan yake.

Sai dai ku natsu a nan. A cikin DVD ba kowane hoto ne cikakke ba. Kusan kowane rabin daƙiƙa ake samun cikakke guda, sauran bambanci kawai suke ɗauke da shi, suna jingine da shi. Idan kuka yanka a tsakiya, farkon wurin zai fashe da ƴan murabba'ai kore da toka. Ku yi tafiya da kibiyar sama da ta ƙasa, su ke tsallakawa daga cikakken hoto zuwa cikakke. Ku sa alamar A a farkon wurin da za ku cire, ku sa B a ƙarshensa, ku goge. Rabin daƙiƙa na guɗa da ya ƙaru ba zai dami kowa ba.

Rubutun sunan ango, kiɗa, gyaran launi, waɗannan dole sai an sake matsewa. To a yi su sau ɗaya tak, a ƙarshe, daga fayil na asali. Manhajar HandBrake ma tana da kyau, amma kullum sake matsewa take, ku bar ta sai za ku yi ƙaramin kwafi na waya.

In kuma za ku tura wa ƴan uwa a Tawa ko Agadas ta WhatsApp, kada ku tura shi a matsayin bidiyo, don zai sake matse shi. Ku tura shi a matsayin takarda, wato Document, yana ɗaukar har giga 2.