Laka ce ta rina masa ƙafa: rigimar ɗan tsuntsun Tabalak

Jama'a, salamu alaikum. Wannan hoton da kuke gani shi ne ya hana mu barci a gurup ɗinmu na WhatsApp satin da ya wuce. Ɗan tsuntsu ne guda a bakin tabki, ƙafarsa baƙa wuluk. Wasu suka ce bécasseau minute ne (sunan Faransanci na wani ɗan tsuntsun bakin ruwa), tunda littafin tantance tsuntsaye ya ce mai baƙar ƙafa shi ne minute. Wasu suka ce ina, ɗan'uwansa ne mai kama da shi, bécasseau na Temminck. Aka yi ta ja har wani ya yi fushi ya fice. To, mutanen Temminck su ne da gaskiya, kuma yanzu za ku ga dalili.

(Hanyar Agadas da asuba, sannan tabki)

Nan Tabalak ne, kamar kilomita 50 daga Tawa. Tun 2005 tabkin yake cikin jerin Ramsar, wato jerin wuraren ruwa masu muhimmanci a duniya. In damina ta ɗauke, ruwa ya fara ja da baya, sai ya bar laka, ita ce kuwa ke tara tsuntsayen nan masu ƙaura. Minute da na Temminck, dukansu biyu can arewacin Turai da Sibiriya suke ƙwai, sanyi ke koro su wajenmu, su yi hunturu su koma. Tsawon kowanne bai wuce santimita 15 ba, nauyinsa gram ashirin da ƴan kai, kamar ƙaramin batir na rediyo. Abin nan ne ke ƙetare Sahara!

Maganar kayan aiki ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Gilashin kamara mai milimita 300 ko fiye, saurin ɗaukar hoto 1/1000 na daƙiƙa ko fiye da haka sauri, don ba su san tsayawa ba. Ka zo da sassafe, ka ba rana baya. Farar riga a bar ta gida. Ka shimfiɗa buhu, ka kwanta rub da ciki, kamara daidai da idon tsuntsu. Kada ka bi su. Ka kwanta inda ka ga suna nufa, ka yi shiru, da kansu za su iso ka.

(Ina kwance cikin taɓo, shanu na wucewa)

E, ni ne wannan. Wani dattijo makiyayi ya tsaya a kaina ya ce, "Yaro, lafiya dai?" Na ce, "Lafiya lau, Baba, tsuntsu nake jira." Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya wuce.

Yanzu ku tara hankali, ga inda ake tuntuɓe. Littafi bai yi ƙarya ba: ƙafar minute baƙa ce, ta Temminck kuwa rawaya ce mai ɗan tsanwa. Amma zanen littafi bai taɓa shiga laka ba. Tsuntsun da ya wuni yana tattaka baƙin taɓo, ƙafarsa sai ta zama kamar ta amaryar da aka ƙunsa wa lalle. Ku duba nan, na jawo hoton kusa. Kun ga yadda ƙafar ta yi kauri, ta yi gudaji-gudaji? Laka ce. Abin kuma yana juyawa: in laka mai haske ta bushe a ƙafar minute, sai ta yi fari-fari, ka rantse mai rawayar ƙafa ne. Rana ma tana nata. In tana bayan tsuntsu, kowace ƙafa baƙa take fitowa a hoto, ko ta wane ce.

Saboda haka kada ka yanke hukunci da hoto guda. Ka jira ya shiga ruwa ya fito, ko ka dubi can saman ƙafar, kusa da ciki, inda laka ba ta cika kaiwa ba. In ƙafa ta ƙi ba da shaida, a kira wasu shaidu. Ga ƙirji: na Temminck kamar an shafa masa toka daga wuya zuwa ƙirji, sannan farin ciki ya fara. Minute kuwa tsakiyar ƙirjinsa ya fi haske, ɗan duhun yana gefe da gefe, bayansa kuma da zane-zane, ba sumul kamar na ɗan'uwansa ba. Sai baya: wutsiyar Temminck takan ɗan zarce ƙarshen fukafukai, shi ya sa yake kamar dogo.

Ni dai tafiya na fi yarda da ita, don laka ba ta rina hali. Ku kalli waɗannan: suna da yawa, a fili, suna saƙ-saƙ-saƙ da baki kamar keken ɗinki. Minute ke nan. Wancan kuwa na Temminck ne, shi kaɗai a gindin ciyawa, a duƙe, yana raɓe-raɓe kamar wanda ake bi bashi. In ya tashi, sai ya yi sama can yana "tirrr", gefen wutsiyarsa fari fat. Na minute toka-toka ne. Amma don Allah kada a jefa dutse wai don a ga wutsiya. Wanda ya yi irin wannan tafiya, abinci ya zo ci. Ka yi haƙuri, ko shaho ko yaran masunta, wani zai tashe shi.

(Chevalier guignette yana kaɗa gindi)

Wannan ɗan kutse ne, chevalier guignette. Ƙirjinsa ya yi kama da na Temminck, amma ya fi shi girma, kuma gindinsa ba ya daina rawa. Kun gan shi, mu wuce.

Mu koma kan hotonmu na rigima. Mai hoton ya turo mini sauran da ya ɗauka a jere. Ga na farko, ƙafa baƙa. Ga ƙirjin toka, ga wutsiya ta zarce. Ga shi ya taka ruwa... ya ɗaga ƙafar dama... kun gani? Rawaya, kamar garin ɗorawa. Wanda ya fita daga gurup, a tura masa wannan, a ce ya dawo.