Yadda ake juya akalar wuta a manyan layukan lantarki

Ku ƙaddara ga manyan layukan lantarki biyu. Daga tasha ɗaya suka fito, gari ɗaya suka nufa. Na dama ya ɗau zafi har wayarsa ta fara saki tana yin ƙasa, na hagu kuwa ko rabin ƙarfinsa bai ɗauka ba. Me ya kawo haka?

Wutar lantarki ba ta jin umarnin kowa. Inda turjiya ta fi ƙanƙanta, nan ta fi bi. Abu uku ne ke yanke yawan wutar da layi zai ɗauka: boltej, wato ƙarfin da ke tura wutar, a bakinsa biyu, turjiyar layin, da tazarar da ke tsakanin kaɗawar wuta, wato kai-komon da take yi, a farkonsa da ƙarshensa. Duk wanda ya iya taɓa ɗaya daga ciki, akala na hannunsa.

A da, da manyan makunnai na ƙarfe ake wannan aiki. Ba su da sauri, kuma suna cinyewa. Sai aka samu tairisto, makunnin da babu abin da ke motsi a cikinsa. A wutar da ke kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ana iya kunna shi sau 100. A ƙarshen shekarun 1980 injiniya Narain Hingorani ya raɗa wa dangin na'urorin da ke amfani da irin wannan makunni wajen juya akalar wuta suna FACTS.

Ga yadda ɗaya daga cikinsu take. An jera kafasita, wato na'urar da ke ɗan tara wuta tana saki, a kan layin, a gefenta an ɗaura naɗin waya da tairisto. Jinkirta kunna tairiston kaɗan, ko gaggauta shi, sai turjiyar layin duka ta sauya, wuta ta karkato nan ko ta koma can. A Kayenta da ke jihar Arizona ta Amurka aka kafa irinta a 1992.

Aikin da ya fi burge ni shi ne na Brazil a 1999. Sun haɗa arewa da kudu da layi mai tsawon kusan kilomita 1,000, amma wutar na da halin yin lilo tsakanin ɓangarorin biyu, sau ɗaya duk daƙiƙa biyar. Idan aka ƙyale lilon ya girma, layin zai katse. Sai suka sa na'urar a kowane baki, tana ƙara turjiya tana ragewa daidai lokacin da zai kashe lilon.

Amma fa a sani, tana da tsada, tana kuma gurɓata tsarin kaɗawar wuta. Ba ta ƙara wa waya kauri. Idan duka layukan sun cika maƙil, sai dai a gina sabo.