Sharhi: Yadda Jirgin Sheffield Ya Ƙone A Yaƙin Falkland

Jama'a masu saurare, sharhinmu na yau zai waiwayi ranar 4 ga watan Mayun 1982, ranar da makami mai linzami ƙirar Exocet ya huda jirgin ruwan yaƙin Birtaniya, HMS Sheffield, ana tsakiyar yaƙi kan tsibiran Falkland, waɗanda Ajantina ke kira Malvinas.

Tun 1975 Sheffield ke aiki, kuma don kakkaɓo jiragen sama aka ƙera shi. Sojojin cikinsa na kan hanyar gida bayan watanni suna sintiri a yankin Tekun Fasha, sai umarni ya zo su juya kudu. Aka sa shi can gaba, shi da jiragen ruwan yaƙi Glasgow da Coventry, su zama idon rundunar.

Kwana biyu kafin nan Birtaniya ta nutsar da General Belgrano, jirgin ruwan yaƙin Ajantina, mutum 323 suka halaka. Kowa ya san ramuwa na tafe.

Jiragen saman yaƙin Ajantina biyu ƙirar Super Étendard, ɗauke da Exocet, suka taho ƙasa-ƙasa, kamar za su taɓa ruwa. Glasgow ya gano su, ya yi gargaɗi. A daidai lokacin Sheffield na aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, abin da ya toshe na'urarsa ta jiyo abokan gaba. Jami'in da ke kula da harin sama kuwa ya bar kujerarsa, ya je shan kofi. Sheffield bai harba ko makami ɗaya don kare kansa ba.

Makamin Exocet da jiragen suka harba ya shiga ta gefen dama, ya fasa babban bututun ruwan kashe gobara. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe ko'ina. Aka shafe sa'o'i ana fama da wuta, har Kyaftin Sam Salt ya ce a bar jirgin, gudun kada ta kai ga rumbun makamai. Mutum 20 suka rasu, da dama daga cikinsu masu dafa abinci ne da ke bakin aiki. Ranar 10 ga Mayu Sheffield ya nutse ana cikin jansa, jirgin ruwan yaƙi na farko da Birtaniya ta rasa a fagen daga tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Duniya ta yi ta zuzuta Exocet ɗin Faransa, kuma ya cancanta. Amma a ganinmu sakaci ne ya buɗe masa ƙofa. Kwamitin bincike ya gano hakan tun 1982, sai dai ba a gurfanar da kowa gaban kotun soja ba. Iyalan mamatan sun jira har 2017 kafin a saki cikakken rahoton.