Abin da ke shigowa dikoda ban da hoto da murya

Ku danna maɓallin jadawalin shirye-shirye a rimot. Sunan shiri ya fito, da lokacin farawa da na gamawa, alhali dikodar ba ta haɗe da intanet. Wannan rubutun tare da hoto ya iso, ko ta eriya, ko ta kebul, ko ta farantin tauraron ɗan'adam.

A tsarin watsa talabijin na dijital mai suna DVB, wanda Turai ke bi, kuma Najeriya ta fara komawa kansa a Jos a 2016, ana yanka duk abin da za a watsa zuwa ƙananan ƙunshi, kowanne bayit 188 (bayit ma'aunin bayanai ne, bit takwas ke cikinsa). Bayit huɗu na farko su ne kan ƙunshin, sauran 184 kaya ne. A cikin kan ƙunshin akwai lambar shaida da ake kira PID, daga 0 zuwa 8191. Hoton tasha da lambarsa, murya da tata, rubutun fassara da tasa. Lamba 0 an keɓe ta ga jerin tashoshin da ke cikin zangon, wato mitar da suke tafiya tare a kanta, 18 ga jadawalin shirye-shirye, 20 ga agogo. Dikoda tana tsintar lambobin da take so, ta bar saura su wuce.

Zango ɗaya na DVB-T2, wato tsarin eriya, mai faɗin megahaz 8 yana ɗaukar kusan megabit 40 a daƙiƙa. Na tauraro a tsohon tsarin DVB-S, a kan lambobin saitin 27,500 da 3/4 ɗin nan da masu ɗaura faranti suka haddace, yana ba da kusan 38. Wannan gudu ba ya sauka ko da kaya sun yi kaɗan, don haka ake cike gurbin da ƙunshin wofi mai lamba 8191. Nan ne injiniya ke fara dubawa in yana neman inda zai sa ƙarin bayanai.

To amma hanyar nan mai zuwa ce kawai, ba ta da dawowa. Dikoda ba ta iya cewa "a sake turo mini". Shi ya sa tashar ke yi kamar mai shela, ta faɗa, ta sake faɗa, domin ba ta san lokacin da kowa zai kunna nasa ba. Jerin tashoshi yana dawowa aƙalla kowane rabin daƙiƙa, bayanin shirin yanzu da na gaba kowane daƙiƙa biyu, agogo kowane daƙiƙa 30.

Babban fayil kuwa, kamar sabuwar manhajar dikoda, ana raba shi tubali-tubali, kowanne bai wuce bayit 4,066 ba, a yi ta zagayawa da su. Sunan wannan zagaye karusel. Mu yi lissafi: fayil mai megabayit 16, an ba shi kilobit 500 a daƙiƙa. Megabit 128 ke nan, zagaye ɗaya zai ci daƙiƙa 256, wato minti huɗu da 'yan kai. In hadari ya taso, ruwa ya raunana siginar tauraro har tubali ɗaya ya lalace, dikoda ba ta da abin yi sai ta jira zagaye na gaba. Abin da ke sa ku ga sandar sabuntawa ta tsaya cak a kusa da ƙarshe ke nan. Don Allah kada ku zare wuta a lokacin. Yayin da ake sauke fayil babu haɗari sosai, amma in ta fara rubuta shi a ƙwaƙwalwarta aka ɗauke wuta, tana iya ƙin tashi gaba ɗaya, sai an kai wa mai gyara.

Kuɗin kallo ma ta nan yake bi. Da kun biya, kamfani ya saka saƙon izini mai lambar katinku a cikin layin saƙonnin masu biya, ana watsa shi ga kowa, katinku ne kaɗai zai karɓa. In dikoda a kashe take, ko sigina babu ƙarfi, saƙon yana iya wuce ku. Saboda haka kafin ku biya, ku kunna ta, ku tabbatar ingancin sigina ya cika, ba ƙarfinta kaɗai ba, domin ma'aunai biyu ne daban a allon.

In kuma jadawali ya riƙa nuna shiri da bambancin awa ɗaya, ba dikodar ce ta lalace ba. Tasha da lokacin UTC, wato lokacin bai-ɗaya na duniya, take turo agogo, Najeriya da Nijar kuwa suna gabansa da awa ɗaya. Ku shiga saitin lokaci, ku mayar da shi +1.