Daƙiƙa Biyu Kacal: Shagala a Kujerar Matuƙin Jirgi Mai Saukar Ungulu

Assalamu alaikum. Na gode da kuka samu lokaci kuka zo.

Bari mu fara da zaman matuƙin kansa. Hannunsa na dama yana riƙe da sandar da ke karkata jirgi gaba, baya ko gefe. Na hagu yana kan wadda ke ɗaga shi sama ko ta sauko da shi. Ƙafafunsa biyu suna kan feda, suna sarrafa ƙaramar farfelar wutsiya. To ku gaya mini, da wane hannu zai ɗauki waya? Ga shi jirgi mai saukar ungulu ƙasa-ƙasa yake yawan tashi, kusa da wayoyin lantarki da dogayen bishiyoyi, kuma sau da yawa matuƙin shi kaɗai ne, babu mataimakin da zai ce masa "kai, duba nan".

Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, shagala tun a ƙasa take fara ɓarna, kafin a tayar da inji. A ranar 26 ga Agusta, 2011, wani jirgin ɗaukar marasa lafiya ƙirar AS350 ya faɗi kusa da Mosby, a jihar Mizuri ta Amurka. Mutum 4 suka rasu: matuƙi, ma'aikatan jinya biyu, da marar lafiyar da aka ɗauko. Mai ne ya ƙare. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta gano cewa matuƙin ya yi ta musayar saƙonnin tes a ranar, har da lokacin da ya kamata hankalinsa ya tattaru kan duba jirgi, har kuma yana sama. Bai tabbatar da yawan man da ke tanki ba kafin ya tashi. Ko da ya gane man bai kai yadda ya zata ba, da ya sauka asibiti sai ya ɗauki marar lafiya ya ci gaba, da niyyar shan mai a hanya.

Yanzu ku saurara da kyau, nan ne wurin da nake so ya zauna muku. Idan inji ya mutu, jirgin ba ya faɗowa kamar dutse. Matuƙi zai sauke sandar hagu nan take, ya daidaita ta dama, iskar da ke tasowa daga ƙasa ta ci gaba da juya farfela har ya dire. Sai dai lokacin da yake da shi bai wuce daƙiƙa biyu ba. Ya makara, farfela ta rage gudu, shi ke nan. Wanda zuciyarsa ke kan amsar da yake jira a waya, ina zai samo waɗannan daƙiƙun?

Wallahi duk lokacin da na tuna wannan haɗari sai raina ya ɓaci, domin filin jirgin da za su sha mai kamar mil ɗaya ne kawai daga inda suka faɗi.