Lacca: Bayanan lafiyarka, ka duba abinka a kwamfutarka

Assalamu alaikum jama'a. Toh, na san a cikinku akwai masu agogon nan dake ƙirga bugun zuciya, wasu kuma suna da na'urar awon jini ko ta suga a gida, kullum lambobi sai taruwa suke. Tambayata ɗaya ce, ina lambobin nan suke kwana? Yawanci a rumbun wani kamfani a intanet, kai ma baka san ƙasar da yake ba.

A 2023 aka kutsa wa kamfanin 23andMe na Amurka, masu gwajin ƙwayoyin halitta, bayanan mutum wajen miliyan 6.9 suka fita. Ku tsaya ku ji wannan da kyau dan Allah. Idan aka sace maka fasuwod canzawa zaka yi, amma jinin da ka gada fa, dame zaka canza shi? Kuma ba naka bane kai kaɗai, akwai na 'ya'yanka da 'yan uwanka a ciki waɗanda ba wanda ya tambaye su. Sannan a 2021 hukumar FTC mai kare haƙƙin masu saye ta can Amurkan ta zargi manhajar Flo, wadda mata ke lissafin al'adarsu da ita, da miƙa bayanansu ga irin su Facebook da Google bayan ta yi alkawarin sirri. Wallahi wannan abin yana taɓa ni.

Wani zai ce ai suna cire suna. Wata mai bincike, Latanya Sweeney, ta nuna cewa da ranar haihuwa da jinsi da lambar gidan waya ta unguwa kawai ana iya gane kashi 87 cikin ɗari na mutanen Amurka. Kunga cire suna bai wadatar ba kenan.

To ya za a yi? Ka sauko da kayanka. A iPhone manhajar Health tana baka duka bayananka a fayil ɗaya, na'urori da yawa kuma suna bada fayil ɗin CSV, wato tebur ne kawai na lambobi da kwanan wata. Ka tura shi kwamfuta ta kebul, kar ka tura ta imel, sai ka buɗe da LibreOffice Calc, manhajar tebur da lissafi wadda take aiki ko ba data. Ka kulle faifan ajiyar kwamfutar da manhajar kulle bayanai irin su BitLocker ko FileVault ko VeraCrypt, ka aje kwafi a filashi, kuma ka duba ko OneDrive, wato ma'ajiyar intanet ta Microsoft, na kwashe folda ɗin yana kaiwa intanet baka sani ba, nan ne mutane da yawa suke faɗawa.

Yanzu ga inda daɗin yake. Awo ɗaya ba ya gaya maka komai, wani da ya ga likita jininsa ke hawa saboda fargaba, shi yasa a asibiti ake lissafin hawan jini daga 140/90 amma a gida daga 135/85. Ka auna safe da yamma kwana 7, ka zubar da na ranar farko, ka fitar da matsakaicin sauran, ka ƙara layi ɗaya na awa nawa ka yi barci da lokacin da ka sha magani, sai ka zana giraf, nan zaka ga abinda idonka bai taɓa kamawa ba, misali duk daren da barci ya ƙaranta washegari lambar ta ɗaga.

Amma dan girman Allah kar giraf ya sa ka rage magani da kanka, agogon hannu yana kuskure, kuma abu biyu su tashi tare ba shi ke nuna ɗaya ne ya jawo ɗaya ba. Ka buga shafin a takarda ka kai wa likitanka ku duba tare. Baiwar Allah da ta ɗaga hannu a baya, bismillah, muna jin ki.