Sanda Ta Tsaya Cak a Bokitin Fenti, To Sai Me?

[Hoto: hannu ya cusa sanda cikin bokitin fenti, ya sake ta, ta tsaya.]

Kun ga bidiyon nan, na sani. Ana ta yaɗa shi wai haka ake gane fenti mai kyau: in sanda ta tsaya ka saya, in ta kwanta an yi masa algus. Masu kallo, a yi haƙuri. Sandar nan ta nuna muku halin fenti ne lokacin da ba mai taɓa shi, kuma ba wanda ke sayen fenti don ya zauna a bokiti.

[Hoto: ɗigon fenti ƙarƙashin madubin ƙara girma.]

Bari mu yi sauri a nan. Fentin ruwa haɗin ruwa ne da hodar launi da ƙananan ƙwayoyin roba, akirilik ko danginsa, kowace ba ta kai kashi 1 cikin 1,000 na milimita ba. Ruwa ya bushe, ƙwayoyin su manne da juna su zama fata a jikin bango. Kamfanin Glidden na Amurka ya fito da irinsa kasuwa a 1948. In ka tsaya a ruwa da hoda da roba kawai, abin da za ka samu tsinkakke ne, hodar ta kwanta a gindin bokiti. Shi ya sa ake ƙara polima, wato sinadari mai kama da zare, mai kaurara shi, sau da yawa bai kai kashi 1 cikin 100 na nauyin fentin ba.

[Hoto: buroshi na tafiya a bango, an rage gudun hoton.]

To ga inda ake ruɗewa. Kaurin fenti yana sauyawa gwargwadon yadda aka matsa masa. A bokiti ana so ya yi kauri, don hoda kada ta nutse. Da buroshi ya hau kansa, ana so ya saki jiki. Ku duba: hannu na tafiyar kusan mita 1 a sakan, shafin da ke tsakanin gashin buroshi da bango kuwa bai wuce kashi 1 cikin 10 na milimita ba. Wannan murza ce mai tsanani, ta ninka abin da fentin ke gani a bokiti sau dubbai. Amma ko a nan bai kamata ya tsinke gaba ɗaya ba. In ya tsinke, buroshi zai yi ta sulɓi, mai fenti ya ji daɗin aiki, shafin ya fito siriri, tsohon launi na leƙowa ta ƙasa. Sai an sake shafi na biyu da na uku.

[Hoto: buroshi ya ɗaga. Kyamara ta tsaya kan sawun da ya bari. Shiru kaɗan.]

Ku zuba ido nan. 'Yan sakan ɗin da ke biyo bayan ɗaga buroshi su ne komai. Fentin yana maido da kaurinsa. In ya yi gaggawa, layukan gashin buroshi su daskare yadda suke, bango ya bushe da zane-zane. In ya yi nawa...

[Hoto: fenti na tsiyayowa a bango.]

...kun gani da idonku. Masu haɗa fenti tsakanin waɗannan biyun suke neman wuri: ya samu lokacin bajewa ya kwanta sumul, sannan ya kama kansa kafin nauyinsa ya janyo shi ƙasa. Shi ya sa a masana'anta ba awo ɗaya ake yi ba. Akwai na'urar Stormer mai juya fentin a hankali, fentin bango yakan ba da 90 zuwa 110 a ma'aunin kauri na Krebs. Akwai kuma wata mai murza shi da saurin buroshi. Fenti biyu na iya yin kunnen doki a ta farko, su sha bamban a ta biyu.

[Hoto: zanen dogayen zaruruwa sun harɗe.]

Tsohon hannu a aikin kaurara fenti shi ne polimar da ake kira HEC, wanda ake samu daga selulos, wato zaren jikin auduga ko itace. Dogayen zaruruwansa na harɗewa cikin ruwa su hana shi motsi. Shi ke ba da kaurin nan mai burge ido a bokiti. Amma bai cika bari fenti ya baje ba, kuma da rola yana fantsama. Mai fentin da kuka gani fuskarsa duk ɗige-ɗige, wataƙila ba sakacinsa ba ne. Ƙwayoyin bakteriya ma na iya tsinka zaruruwan, fenti ya tsinke tun yana ajiye.

Akwai kuma mai kaurarawa na akirilik da ake kira ASE, wanda sai an kashe tsaminsa da amoniya ko makamancinta yake kumbura. Mu wuce.

[Hoto: zanen gajeren zare, bakinsa biyu sun kama ƙwayoyin roba.]

Wannan shi ne HEUR, wani mai kaurarawar, ni dai shi ya fi burge ni. Tsakiyarsa na son ruwa, bakinsa biyu na gudun ruwa, sai su maƙale a jikin ƙwayoyin roba ko su kama juna. Kamar mutane ne riƙe da hannun juna a cunkoso: an ture su sun saki, sun sake kama na kusa. Saboda kamun na saki yana komawa, fentin na bajewa da kyau, ba ya yawan fantsama, ga sheƙi. A bokiti kuwa sai ka ga kamar bai kai fenti mai HEC kauri ba. Yawancin masana'antu haɗa iri biyu suke yi, wani ya tsare bokiti, wani ya tsare buroshi.

[Hoto: ana ɗiga launi mai duhu cikin farin fenti.]

Shi ma yana da lagonsa. Ruwan launin da ake ɗigawa na ɗauke da sinadarai dangin sabulu, su kuwa sukan janye bakin zaren daga jikin ƙwayoyin roba. Launi mai duhu na bukatar ɗigo da yawa, don haka in kun ga fenti ya ɗan tsinke bayan an haɗa masa launi, kada ku yi saurin zargin mai sayarwa. Ku shafa shi a jikin allo, ku jingine allon a tsaye, ku ba shi 'yan mintuna. Ruwa kuma, kada ku wuce abin da aka rubuta a jikin bokitin.